Cindo da Tarin Gidan Burodi

A Unguwar Maƙera akwai wani mutum wai shi Cindo, wanda duk abin da ka faɗa masa haka zai ɗauke shi, ba ragi ba ƙari. Shi da yayansa Barau suke riƙe da tsohuwarsu, kuma gidan burodin Alhaji Sambo suke aiki, wani ɗaki mai zafi, ko taga babu. Da tarin fuka ya ɓulla a gari, dubagari ya zo ya ce doka ta ɗora wa mai gidan samar da sabulu da takunkumin fuska, maras lafiya kuma a bar shi ya je magani, aikinsa na jiransa. Alhaji ya ce to, ransa a ɓace.

Wata rana Alhaji ya ajiye sabulu guda a bakin ƙofa. "Na nunawa ne, ba na wanki ba. Cindo, ka sa ido a kansa." Cindo ya durƙusa ya manna idonsa a jikin sabulun. Ya wuni yana hawaye, babu kuma hannun da aka wanke.

Wata rana Alhaji ya ce, "Jeka ka samo musu takunkumi, mafi araha." Cindo ya nufi kasuwar dabbobi, ya dawo da na jakuna. Ma'aikata suka fusata. Alhaji kuwa sai da ya jujjuya ɗaya a hannu yana nazari, kafin ya jefi Cindo da shi.

Wata rana Barau ya yi tari har da jini a gefen tanda, ya roƙi a bar shi ya tafi. "In ka fita, ka fita ke nan," in ji Alhaji. Sai ga labari wai dubagari yana layin baya. Alhaji ya finciko Cindo. "Ɗauke yayanka, kai shi inda ba wanda zai lura da tarinsa."

Cindo ya ɗora Barau a baro, ya tura.

Da la'asar ya dawo, dubagari da malaman asibiti a bayansa, sun zo gwada kowa da rufe gidan.

"Ina ka kai shi, don ubanka?" in ji Alhaji.

"Asibiti, ranka ya daɗe, ɗakin masu tari. Kowa yi yake, ba wanda ya ko waiwayo. Inda yake aiki kawai suka tambaye ni."

Alhaji ya buɗe baki zai ƙara zagi, sai tari ya sarƙe shi, irin na Barau sak, ya daɗe bai sake shi ba. Cindo ya juyo da baron.

"Hau, Alhaji. Akwai sauran gado."