Ranar Da Na Share Aikinmu Da Hannuna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara mutane ina neman mai laifi ba.

Mu huɗu ne a wani ɗan biro, wato ofis, a Damagaram, muna rubuta manhajar da za ta riƙa sanar da masu lambu na Gidimuni lokacin ban ruwa. Da, a kile, ɗan filashin nan na USB, muke miƙa wa juna aiki, hannu da hannu. Ni na tsaya kai da fata sai mun koma Git: kowa da cikakken kofin aikin a na'urarsa, kowa ya yi aiki a reshensa, sannan a haɗe a uwar aiki. Har na rataye kilen a ƙusa, na ce zamaninsa ya wuce. (Na yi jawabi ma, Allah ya yafe mini.)

Ana jibi shugabannin manoman za su zo gani, Git ya ƙi karɓar gyarana. Ni da na kawo shi garin zai yi wa gardama? Na tura da ƙarfi, nawa ya danne abin da ke uwar aiki, na tafi cin abinci.

Da na dawo, aikin Mamman da na Hadiza, abokan aikina, ya ɓace daga uwar aiki. Suka bi umarnina, suka daidaita na'urorinsu da ita, kofin da ke na'urorinsu ma ya bi.

Na ce, "Wanda ya yi wannan, yau zai san kansa." Na kunna majigi don kowa ya ga wanda ya yi turin ƙarshe. Sunana ya fito a bango, ɓaro-ɓaro.

Mamman ya gyara murya. "Shef, a kashe majigin ko a bar shi?"

Kunya ta kama ni. Hadiza ce ta tuna Rabi, ta huɗunmu, wadda ta haɗe aikin kowa kafin ta tafi bikin suna Tirmini da na'urarta, inda rezo, wato sabis, ya ƙi ta, don haka kofinta na nan yadda yake. Shekaranjiya na gama yi mata faɗa kan rashin daidaita na'urarta.

Na sauke kilen daga ƙusa, na hau babur. A tsakiyar mata da kwanonin tuwo na same ta.

Ta ce, "Shef, ba kai ka ce zamaninsa ya wuce ba?"

Na ce, "Rabi, don Allah zuba."

Manoman sun ga manhaja, sun yaba. Daga nan na kulle uwar aiki, ba mai turawa da ƙarfi. Sunan farko da na hana nawa ne.