Ranar Da Na Sa Surukina Turin Mota

Ba zan taɓa mantawa da safiyar ɗaurin auren ƙanwar matata ba, ko da na so in manta, dangin matata ba za su bari ba.

Satina biyu da sayen mota mai giya otomatik a Maigatari, bayan shekaru ina fama da tsohuwar akwalata. Ni da bakina na ce zan ɗauki surukina daga Ɗanzomo zuwa Gagarawa, inda za a ɗaura auren ƙarfe sha ɗaya. Ba wanda ya roƙe ni, so nake a ga motar. Kuma surukin nawa, Baba, shi ne waliyyin amarya, in bai iso ba, ba a ɗaurawa.

Ina isowa na tarar da shi a ƙofar gida da abokansa uku, sun sha manyan riguna. Na murɗa makulli na kashe, na ja burkin hannu, na diro na tsuguna gaisuwa. Da muka shiga za mu tafi, na murɗa makulli. Shiru. Fitilu sun kama, rediyo na ta surutu, amma injin ko tari bai yi ba.

"Batir ne, Baba," na ce, kamar ni na ƙera ta. (Sanina da injin mota bai wuce inda ake zuba ruwa ba.) Na buɗe bonet, na ɗauki dutse na bubbuga kan batir. Na zare fis na hure shi na mayar. Na ƙwanƙwasa wani ƙarfe da na yanke wa hukuncin shi ne kik mai tayar da inji.

Ina cikin haka matata Rabi ta fito ta matso kusa da kunnena. "Hajiya ta ce ka duba inda ka bar giya."

Hajiya surukata ce, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, ta yi shekaru tana tuƙa kanta zuwa aiki a Gumel. Tun da na auri 'yarta ba mu taɓa haɗa ido ba, gaisuwa ma daga bayan labule take amsawa. Na san duk wannan. Amma maza huɗu na kallona, sai na ce, "Ki koma ciki, wannan ba aikin mata ba ne."

Sannan na yi abin da har yau in na tuna nake rufe fuska. Na ce a tura. Samarin unguwa duk sun yi gaba a motar haya, ba kowa sai dattawan nan. Baba ya dubi agogo, ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya kama bayan mota. Ni kuwa ina zaune a ciki kamar hakimi ina cewa, "Ƙara ƙarfi kaɗan, Baba." A cikin rairayi fa. Mota irin wannan ko zuwa Sule Tankarkar za a tura ta ba ta tashi da turi, amma lokacin ban sani ba. Hular ɗaya ta faɗi, ɗaya ya zauna a ƙasa yana haki, waya kuma sai ƙara take daga Gagarawa, liman na tambaya.

Sai ga murya daga cikin zaure, a tsanake, yadda duk layin zai ji.

"Rabi, gaya wa mai gidan naki ya taka burki, ya mayar da giyar kan P. Ya bar kashe mini miji."

Na kalli giya. Tana kan D, inda na bar ta ina rawar jikin gaisuwa. Na mayar, na murɗa, mota ta tashi lafiya lau. Wallahi na so ta ƙi.

Mun isa sha biyu ta gota, jama'a sun gaji da zaman rana. Da liman ya tambayi abin da ya tsare mu, Baba ya kakkaɓe ƙurar rigarsa ya ce, "Motsa jiki muka tsaya yi." Bai taɓa yi mini maganar ba, kuma bai sake shiga motata ba.

Abin da na koya shi ne, saƙon suruka sau biyu yake zuwa: na farko a kunne, na biyu a gaban jama'a. Mai hankali na farkon yake karɓa.