Ranar da Na Yi wa Ɗan Juyin Juya Hali Biki

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ta Juma'a a gidan Kawu Bashir da ke unguwar Aziziyya a nan ƙasa mai tsarki ba, ranar da bakina ya kusa raba ni da matar da nake nema.

Aikin Hajji ne ya jawo min. Shekara biyu a jere ina tura keken tsofaffin alhazan Rasha, na tsinci kalma shida a bakinsu: zo, zauna, ruwa, mota, sannu, na gode. Da na koma gida unguwarmu Sa'alaba sai na ce wa mahaifiyata, Ummi, ai yanzu Rashanci a bakina kamar ruwa. (Kada ku tambaye ni dalili. Ina jin dai na ga ƙannena kowa da takardar makaranta, ni kuwa sai ƙarfin damtse.) Ummi ba ta iya ajiye abin alfahari ba. Kafin sati ya zagayo, har mai gasa burodin bakin layinmu ustazu yake kirana.

Kawu Bashir ɗan baffan Ummi ne, 'yarsa Safiyya nake so. Wata uku yana jan maganar, wai sai ya tabbatar ni mutum ne mai magana ɗaya. Ranar mun je gaisuwa ni da Ummi, muka tarar Safiyya, wadda ke karatun harkar fim a jami'a, an ba su aikin kallon wani tsohon fim ɗin Rasha. Baƙi da fari ne, na zamanin da ba a jin muryar 'yan wasa, sai dai a riƙa nuna rubutu a tsakani. Kawu ya ce ta sa a babbar talabijin, ya ga abin da ake koya mata.

Rubutun farko ya fito. Wallahi ko harafi ɗaya ban gane ba, wasu ma kamar a juye aka rubuta su.

Ummi ta taɓo ni. "Yalla ya waladi, maza ɗana, fassara wa kawunka. Ga gwani a zaune."

Safiyya ta buɗe baki za ta yi magana, Ummi ta ɗaga mata hannu. "Istanni ya binti, dakata 'yata, bar shi ya yi."

Nan ne mai hankali zai ce a yi haƙuri. Ni kuwa na gyara zama, na kurɓi gahawa, na yi gyaran murya.

Aka nuno wani saurayi a masana'anta ya hau kan ganga, yana ɗaga hannu yana yi wa ma'aikata jawabi. Aure ne kawai a kaina, saboda haka na ce, "Ranar ɗaurin aurensa yake sanar musu." Ya shiga raba takardu a ɓoye, na ce katin gayyata ne. A gida wani dattijo mai gemu ya fizge takardar ya yayyage, na ce ubansa ne, ya ga ba a sa sunan baffanni a katin ba.

Kawu ya gyaɗa kai. "Sahih. Da gaskiyar dattijon."

Wannan gyaɗa kan shi ya ƙarasa ni, don sai na ji har ni ma na fara yarda da kaina. Jama'a suka cika titi da tutoci, na ce 'yan rakiyar ango ne. Sojoji suka tare hanya da bindigogi, na ce dangin amarya ne, ana cinikin kuɗin shiga.

"To ina amaryar?" in ji Kawu.

"Kunya, Kawu. Amaryar Rasha ba ta fitowa sai a ƙarshe."

Saurayin ya gudu ya ɓuya a ƙarƙashin daɓen ɗaki. Na ce al'adarsu ce, ɓoyon ango. Sojoji suka shigo, dattijon ya daɗe a tsaye, sannan ya nuna musu wurin. Suka fito da yaron, suka jingina shi da bango, suka ɗaga bindigogi. Gumi ya fara bin bayana, amma bakina ya riga ya saba.

"Bindigar murna ce," na ce. Yaron ya faɗi. "Ango ya suma."

Muka yi ta jira ango ya farfaɗo. Dusar ƙanƙara ta fara rufe shi.

Safiyya ta ce a hankali, da Hausarta mai gaurayen Larabci, "Baba, fi tarjama fa, akwai fassarar Larabci a cikin fim ɗin. Dannawa ne kawai ban yi ba. Tun ɗazu nake so in faɗa."

Kawu ya ce ta danna, kuma ta mayar da shi farko. Haka na zauna fiye da awa guda, kowa na karanta Larabci, ana warware min ƙarya ɗaya bayan ɗaya. Katin gayyata ashe kiran yajin aiki ne. Dattijon kuwa biyayyarsa ga sarkin Rasha ce ta sa ya miƙa ɗansa. Amarya babu ita ko a mafarki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ina tsammanin an gama da ni, sai Ummi ta miƙe.

"Wa ya rubuta tarjamar nan? Kun san shi? Ɗana da hannunsa ya tura Rashawa har wurin jifa!"

"Ummi, halas," na ce, kaina a ƙasa. "Kawu, kalma shida na sani. Sauran duk ƙarya na yi."

"Ka ji tawali'u ko!" in ji Ummi.

"Amma Hajiya, yaron nan fa ya mutu," in ji Kawu.

"Ko ya mutu, ango ne ya mutu."

Kawu ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Da ya natsu ya dube ta ya ce, "Dattijon can ya nuna wa sojoji inda ɗansa yake. Ke an kama naki dumu-dumu kin ƙi sakinsa. Gidan da ake riƙe mutum haka zan iya kai 'yata." Sannan ya juyo kaina, babu sauran dariya a fuskarsa. "Kai kuma, da ba ka faɗi gaskiya da bakinka ba, da yau ka sha gahawar ƙarshe a gidan nan."

An ɗaura auren bayan ƙaramar salla. Ni dai abin da na koya shi ne, in har ƙarya ta kama ka, ka shara wa wanda zai ƙaryata ka nan take ku rabu lafiya. Uwa yarda za ta yi, kuma kai za ka gaji da ƙaryar tun kafin ita ta gaji da kare ta.