Garin Zinaren da Na Kai Djougou

Ko na manta sunan unguwarmu, ba zan manta ranar da na ƙulle garin zinare a takarda na tafi da shi Djougou ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba da kaina kaɗai nake fushi ba.

Yayata Hajara, wadda ta goye ni bayan rasuwar innarmu, ita ce sankarar mama ta kama. Likitoci suka ce a yi aiki, ta ce wuƙa ba za ta taɓa ta ba. 'Yarta Rakiya kuwa tana Faransa shekara da shekaru, wai bincike take yi a kan wannan cutar. Ni aji biyar na yi a lakwal, wato makarantar boko, aka cire ni aka zaunar a shagon kayan babur a Parakou, amma ai ina da baki. Na kira Rakiya a waya na ce, "Ke, me kike ta bincikawa uwarki na kwance?"

Ta ce, "Kawu, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin zinare muke haɗawa, nanoparticules ake ce musu. Suna ɗaukar magani su bi jini har inda cutar take, su ƙyale lafiyayyen nama."

Zinare, ƙanana. Iyakar abin da kaina ya riƙe ke nan. (Ta ci gaba da bayani, amma wani ɗan zem, mai haya da babur, ya shigo neman taya.)

Na ce ashe abin bai wuce haka ba? Mu jikokin fatake ne, ba a rasa zinare a gidajenmu. Na buɗe akwatin maiɗakina Zuwaira ba da saninta ba, na ɗauki ɗankunnen da kakarta ta bar mata, na kai wa wani maƙeri a Ladjifarani na ce ya goge shi da magagari ya zama gari. Ya dube ni ya ce, "Malam, lafiya kuwa?" Na ce aikin likita ne, ya yi abin da ya sani. Har tankaɗewa na yi da mayafi, sau uku.

Rakiya ta zo ganin uwarta, dangi suka taru a gidan Yaya a Djougou, aka kira malami ya yi addu'a. Da aka kawo wa Yaya rubutu a kwano, sai na miƙe (wa ya aike ni miƙewa?) na ce, "Jama'a, abin da ake ɓata shekaru a kansa a Faransa, ni na gama shi a Parakou yini guda." Na kwance takarda zan zuba.

Rakiya ta cafke hannuna. "Kawu! Mene ne wannan?"

"Nano ɗinki ne."

Ta leƙa, ta sake leƙawa. "Kawu, wannan ai tsakuwa ce. Namu ido ba ya ganinsu, ko madubin asibiti ba ya nuna su. Kuma ba sha ake yi ba. Mu ma har yanzu a kan ɓeraye muke gwadawa."

"Ɓeraye?"

"Ɓeraye, Kawu."

Nan kaina ya yi zafi. Na ce uwarki na kan tabarma, ku kuna can kuna jinyar ɓera? Ɓeran da muke sa wa tarko a shago? Ina cikin faɗa sai na ji muryar Zuwaira a bayana, a hankali: "Maigida, wancan ɗan maƙalin da ke cikin takardar, kamar na san shi." Maƙerin banza, ashe ya bar maƙalin ɗankunnen a takardar, ni kuma da na gama tankaɗe na mayar da garin a kai ban lura ba!

Sai aka fashe da dariya, har malamin. Yaya ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta. Da ta samu numfashi ta ce, "Rakiya, ki shirya ki kai ni a yi aikin nan, tun wannan bai kashe ni da ɗankunne ba."

An yi aikin, tana nan tana shan magani. Ba wanda ya gode min. Zuwaira ta yi wata biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Abin da na koya guda ne. Yanzu duk mai ilimin da ya fara min labarin sabon magani, sai in dakatar da shi in ce, "Tsaya tukuna. Mutum aka ba, ko ɓera?"