Rasuwar Jar Fulawar Gidan Mai Gyaran Famfo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta fal, Mai Gyaran Famfo na sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Jar Fulawa, wadda ta yi zamanta a tukunyar siminti a bakin ƙofarsa.

Marigayiyar ta shigo gidan tana ɗan reshe, a hannun matarsa, Maman Yara. Rani da damina ganyenta kore shar, furenta ja kamar garwashi. Ta tare ƙurar titi, ta tare idon masu leƙe, ba ta taɓa kai ƙarar awaki ba duk da cin zalin da suka yi mata. Ba a san ta da surutu ba, in ban da ɗis, ɗis, ɗis da ruwa ke yi ta ƙasan tukunyarta idan an shayar da ita.

Wannan ɗis ɗin ne ajalinta. Ranar da za a kwantar da Maman Yara a asibiti, ta riƙe hannun mijinta ta ce, "Fulawar nan amana ce. In dai tana raye, ni ma ina nan." Ya karɓi amana da hannu biyu. Amma mutumin da ya tsufa yana toshe yoyo a gidajen mutane, ina zai iya zama yoyo na yi masa gatse a ƙofarsa? Ya kwaɓa siminti ya liƙe hujin tukunyar tsaf, aikin gwani, ko ɗigo bai ƙara fita ba. Sannan ya dage da ban ruwa safe da yamma.

Ganye ya fara rawaya, ya ce ƙishi ne, ya ƙara guga. Sai da wari ya tashi ya tona, ya tarar saiwa ta ruɓe ta yi baƙi. Ya zauna daɓas a dakali ya yi kuka.

Ta rasu ta bar ƙudan zuma, da ƙadangaren da ke kwana a inuwarta, da reshe guda da aka tsoma a kwalba, wanda har yanzu bai nuna alamar saiwa ba. Ta kuma bar Maman Yara, wadda kullum tambayarta ta farko ita ce, "Ya fulawata?" Kullum kuma ya ce lafiya lau, idonsa na kan robar ƙarin ruwa. Tsoro yake ji, ba ƙarami ba.

Za a binne ta gobe da hantsi a bayan gida, kusa da tankin ruwa. Shi zai fasa simintin da hannunsa. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da ruwa, marigayiyar ta sha ya ishe ta.

Daga nan zai wuce asibiti da kwalbar a hannu. Duk wanda ya san abin da mutum zai ce idan ya shiga ɗakin, don Allah ya tsaya masa a bakin ƙofa.