Sarewar da Ban Ji Ba

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Laraba a Roni ba. Na sha wuya a duniya. Na fasa dutse, na yi karen mota, na taɓa kwana a gefen titi da karyayyar ƙafa, duk ban ce uffan ba. Amma ran nan da ƙasa ta tsage da na shige, kuma da ban yarda a tono ni ba.

Sana'ata hayar lasifika. Biki, suna, walima, wa'azi, taron siyasa, duk inda ake son murya ta kai bayan gari, ni ake kira. Shagona yana Kazaure, amma daga Gwiwa har Yankwashi da wuya ka sami ƙauyen da ban ɗaure lasifika a bishiyarsa ba. Ban yi boko ba. Abin da ke rubuce a jikin amfilifaya har yau ban san shi ba. Na dai san maɓalli na uku ke kashe kuka, na biyar ke ƙara wa murya nauyi. Mutane suka sa mini suna Mai Kunne. Na karɓa, ban yi musu gyara ba.

Ga gaskiyar: kunne ɗaya gare ni. Na hagu ya mutu tun ina fasa dutse, ranar da aka tashi nakiya ban yi nisa ba. Na miƙe, na kakkaɓe riga, na ga bakin wani yana motsi ta haguna, babu sauti. Na bar dutse na kama lasifika, na rufe bakina. Wa zai ɗauki mai kunne ɗaya ya gyara masa sauti? Sai na koyi dabara. In ana magana, na karkata kai na ba da kunnen dama. (Mutane kan ce, "Dubi yadda yake sauraro, gwani ke nan." Ni kuwa maganar nake farauta.)

To, akwai Alhaji Sabo, babban dillalin hatsi a Roni. Shekara goma sha takwas ni ke yin sautin gidansa. Wanda ya yi taron gidan Alhaji Sabo, shi ke yin na rabin Roni a shekarar, don kowa can yake ganin wanda zai kira. In na rasa gidan, na rasa garin. Sai ɗansa Nura, injiniya a Abuja, ya tashi aure, ya ce shi ba ya son lasifikata. Wai akwai wani Ilu a Babura mai sababbin akwatuna, shi za a kira. Alhaji bai son ya yar da ni, bai kuma son ya ɓata wa ango. Ya ce mu zo mu biyun bayan la'asar a yi magana.

Na ce ba zan je kamar mai neman alfarma ba. Na ari babbar riga a wurin maƙwabcina, shadda fara, ta sha guga, hannunta ya isa a yi wa yaro riga da wando. Ni ban saba sa ta ba. A kan babur iska ta kusa mayar da ni Kazaure.

Na tarar da su a zaure. Alhaji a kan darduma da aminansa biyu, Ilu a gefe yana latsa waya, Nura kuma ya aje wani ɗan tebur da kujera. Muka gaisa. Sai Nura ya buɗe akwatuna biyu, ya fito da abin da ya kira hedifon. Irin iyafis ne, amma manya, masu rufe kunne gaba ɗaya. Ɗaya baƙi, na fata, bayansa a rufe. Ɗaya kuma da zoben katako, bayansa raga-raga kamar rariya, kuma kowane kunne da tasa wayar, sai su haɗu a ƙirji. Ga wata 'yar amfilifaya da ba ta fi sandar sabulu ba. Ɗaya daga cikin aminan ya tambayi kuɗinsu. Nura ya faɗa. Alhaji ya yi salati, ya ce, "Kai Nura, babur nawa ka rataya a wuya?"

Nura ya yi dariya, ya juyo gare ni. "Baba Mai Kunne, ni ba rigima nake so ba. Kiɗa ɗaya zan sa. Kowa ya saurara a cikin biyun, ya gaya mana bambancinsu. Wanda kunnensa ya fi, shi zai riƙe mana sauti."

Na ce, "Yaro, na fara ɗaure lasifika kana tsotson yatsa. Kawo."

Alhaji ya ce, "Bari Ilu ya fara, shi ne baƙo."

Ilu ya zauna. Aka sa masa baƙin, ya saurara. Aka sa masa na katakon. Wannan da yake bayansa a buɗe yake, sautin na ɗan fitowa waje. Alhaji, wanda ke zaune dab da kujerar ta hagu, ya ce, "Ikon Allah, ni ma daga nan ina jin sarewa." Ilu ya cire, ya ce baƙin ya fi ƙarfin duka, na katakon ya fi tsabta. Ya ƙara da cewa, "A na katakon, kalangu yana dama, sarewa tana hagu. Har jan numfashin mai busar na ji."

Na riƙe wannan magana na sa a aljihu. Sarewa, hagu, numfashi.

Aka zo kaina. Nura ya ce in cire hula. Na ce a gaban Alhaji ba na zama kai ba hula. Ya ɗora mini baƙin a kanta, ya danna.

Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Kalangun ya shigo kamar makaɗin na zaune a kafaɗata. Dukan yana sauka har haƙori. Amma duk a matse, kuma nan da nan kunne ya fara gumi. Sarewa kuwa babu ita, babu dalilinta. Tana can hagu, unguwar da ba kowa.

Na cire, na ce, "Wannan yana da ƙirji. Amma kamar an kulle makaɗa a cikin rumbu ne."

Nura ya buɗe ido. "Kai! Baba, haka yake. Wallahi haka yake."

Na kalli Ilu ta wutsiyar ido. Ya daina latsa waya. Da ina da wayo, da a nan na rage baki. Amma yabo giya ne, ni kuma ban saba sha ba.

Nura ya ɗora mini na katakon. Ba shi da nauyi, kunne na shan iska. Kafin ya danna, hannun babbar rigar ya zame ya rufe mini yatsu. Sai na yi abin da na ga manyan mutane suna yi. Na tattaro shi, na wurga shi kan kafaɗar hagu da ƙarfi, na gyara zama. Na ji wani abu ya ɗan fizge ni. Na ɗauka aikin wuyan rigar ne ya kama gemu.

Kiɗa ya taso. Wannan kam ya fi. Kalangun ya ja baya kaɗan, ya sami fili. Ina jin yatsun makaɗin a kan fata, ina jin tsirkiya tana kuka in ya matse ta a hammata. Da abin da na ji kaɗai na faɗa, da ya isa. Amma Ilu ya ji sarewa, ni Mai Kunne ba zan tashi ba sarewa ba.

Na rufe ido. Na ɗaga yatsan hagu sama ina binta da shi, sama, ƙasa, sama. Na fara magana. (Daga baya aka gaya mini ihu nake yi, don mai abu a kunne bai san ƙarfin muryarsa ba. Har mai shayin ƙofar gida ya leƙo.)

"Ga ta nan! Ga sarewar nan ta hagu! Allahu Akbar! Wannan Bafulatani ne, ba koyo ya yi ba, gado ne!"

Shiru. Na ɗauka mamaki ne ya kama su. Na ƙara wuta.

"Ilu ya ce ya ji numfashi. Ni har haɗiyar yawunsa na ji! Kuma mutumin nan yana da giɓi, iska na fita ta gefe. Karan sarewar ma ya ɗan tsage a ƙasa. Sai mai kunne zai gane!"

Na ji an taɓa ni a gwiwa. Na ture hannun. Na ce, "Bari, yaro, yanzu ta kai wurin daɗin."

Aka sake taɓa ni. Na buɗe ido.

Nura ne a durƙushe a gabana, fuskarsa kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa. Ilu ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa na rawa. Aminan Alhaji ɗaya na kallon rufi, ɗaya na ƙirga yatsun ƙafarsa. Nura ya miƙa hannu, ya ɗago wani abu daga cikin ninkin rigata. Waya ce, da ɗan bakinta na ƙarfe yana reto.

Ya ce a hankali, "Baba, tun da ka gyara riga wayar hagu ta fita. Wancan kunnen babu komai a ciki."

Yatsana yana sama har lokacin. Na rasa yadda zan sauke shi. Sai na sosa hula da shi.

Na ce, "Na sani. Gwada ku nake yi."

Ilu ya fashe. Ya faɗi gefe yana dukan tabarma. "Giɓi! Wallahi har giɓi ya gani! Baba, me ya ci da safe, mai sarewar?"

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Ilu, ya isa, sa'an ubanka ne." Sa'an nan ya sauke murya ya yi wata magana. Yana haguna, na ga bakinsa ya motsa, ban ji ba. Na karkata kai yadda na saba, na ba shi dama. Ina cikin juyawar na ga idonsa ya bi kaina, na san ya gama ganewa.

Ya ce, "Cewa na yi, tun yaushe?"

Ƙarya ta ƙare. Na ce, "Shekara ashirin da biyu, ranka ya daɗe. Nakiya ce."

Ya shafa gemu. Can ya ce, "Yanzu na gane. Duk taron gidan nan, mata sai sun aiko cewa lasifikar ɓangarensu tana kuka kamar akuya. Kai kuma ka ce iska ce."

Na ce, "Ɓangarensu na haguna, Alhaji."

A nan shi ma ya kasa. Ya yi dariya har da tari, aka miƙa masa ruwa. Ni ina zaune a kujera, farar shadda ta jiƙe, abin miliyoyi a kaina rabi a mace, kamar mai sanye da shi.

Nura yaron kirki ne. Ya cire mini shi, ya ce abin da na faɗa a kan baƙin babu kuskure, da kunne ɗaya ma na fi wasu masu biyu. Amma bikinsa ne, kuma sau ɗaya zai yi. Alhaji ya yanke hukunci: Ilu zai zauna a gaban amfilifaya, ni zan kawo janareta in ɗaure lasifikan kan bishiya. Wato aka bar ni a gidan, amma aka mayar da ni sama.

Haka aka yi. Kwana uku ina kan darbejiya da igiya a baki, Ilu na ƙasa a inuwa yana murza maɓalli. In yana son a juya lasifika, sai ya zagayo ta damana ya ɗaga murya, "Baba, ka ji ni, ko in kira mai sarewa?" Labari ya riga ni komawa Kazaure. Roni kam rabin da nake tsoron rasawa na rasa shi. Sauran rabin suna kirana har yanzu, wasu don aiki, wasu don su ji labarin daga bakina.

Da na koma gida na ce gara Hajara, matata, ta ji daga gare ni kafin ta ji a gidan suna. Na zaunar da ita. Na ce, "Akwai abin da na daɗe ina ɓoye miki. Kunnena na hagu ba ya ji."

Ko kallona ba ta yi ba, tana ta tsinke zogale. Ta ce, "Malam, tun satin da aka kawo ni na sani."

Na ce, "Shi ne ba ki taɓa faɗa ba?"

Ta ce, "In faɗa in rasa wurin sauke haushi? In ina son kuɗin cefane, ta dama nake zuwa. In ka ɓata mini rai, ta hagu nake zama in gaya maka duk abin da ke raina, kai kuma kana gyaɗa kai kana cewa Allah ya yi albarka."

Na zauna ina tuna yawan albarkar da na sa.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ba ka ji ba, ka ce ba ka ji ba, kunyarta minti ɗaya ce. In kuwa sai ka yi ƙarya, to kada ka yi mata ado har da giɓi. Yanzu duk wanda ya zo shagona ina gaya masa tun daga ƙofa ya tsaya ta dama. Hajara kaɗai ta ƙi. In na ga ta jawo kujera ta hagu, sai in tashi in juya tabarma, ta koma damana.