Ranar da Shugaban Abokan Fafin Ya Ziyarci Talakawansa

A duk gaɓar tekun jihar Maine ta Amurka babu wanda ya san tsuntsun fafin kamar Mista Orrin Faulkingham. Shi da kansa ya gaya mana, kuma ba mutum ne mai faɗar magana sau ɗaya ba. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a gidan waya na garinmu, Pruitt Cove. Da ya yi ritaya sai ya ga zunubi ne basira irin tasa ta zauna babu ofis, don haka ya kafa Ƙungiyar Abokan Fafin, ya tsaya takarar shugabanta, ya kuma lashe zaɓen da gagarumin rinjaye, kasancewar shi kaɗai ya zo taron.

Fafin dai kowa ya san shi a hoto: baƙin baya, farin ciki, jajayen ƙafafu, da ƙaton baki mai launi-launi da ya sa kakanninmu suke ce masa akun teku. Orrin yana da shi a jikin hularsa, da kofin shayinsa, da ƙofar gidansa. Duk shekara yakan je makarantar firamare ya yi wa yara laccar awa biyu a kan halayensa, malamai suna tsaye a bakin ƙofa don kada wani ya gudu. Masunta suka laƙa masa Farfesa don tsokana. Ya karɓa hannu biyu, ya sa aka buga masa a kati.

Abu ɗaya ne ya rage wa wannan teku na ilimi, ɗan ƙarami, bai ma kai a ambata ba: bai taɓa ganin tsuntsun da idonsa ba. Fafin ba ya shigowa gari. Yana can Tsibirin Sallow, wani falalen dutse mai hasumiyar fitila, tafiyar awa biyu a jirgin ruwa. Shi kuwa Farfesa, ko a bakin tashar jiragen ya daɗe tsaye sai cikinsa ya fara juyawa. In an tambaye shi yakan ɗaga haɓa ya ce, “Babban masani ba ya bin tsuntsu dutse-dutse. Wannan aikin ’yan yawon buɗe ido ne.”

Matarsa Verna ce take son zuwa, tun tana amarya. Shekara arba’in da ɗaya tana ɗaukar masa jaka, tana buga masa laccocinsa, tana dafa waken da ake ci a taron ƙungiya, kuma duk bazara in ta ɗauko zancen tsibirin sai ya ce ta bari ya sami sarari ya kai ta da kansa, don kada ta je ta kalla ba daidai ba. Bara likita ya gaya mata ganinta yana tafiya, kuma ba zai dawo ba. Duk abin da ya wuce taku biyu daga gabanta ya riga ya zama hazo, kafin wata bazarar ma sai yadda hali ya yi. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta je wurin Kyaftin Lyman Beal, mai jirgin da aka yarda ya sauke mutane a tsibirin, ta sa sunanta a layi. Mutum goma sha shida ake ɗauka a rana, shi ma sai in teku ta ga dama, kuma kowa awa ɗaya yake samu a rumfar leƙen tsuntsayen. Awa ɗayar nan ita ce duk abin da Verna ta taɓa nema wa kanta, a sanina, kuma katangarmu ɗaya da su.

Takardar Lyman ta iso. Tsohon ma’aikacin gidan waya kuwa ba ya ganin ambulan ya ƙyale. Orrin ya buɗe ya karanta, ya je ya samar wa kansa kujera shi ma. A liyafar waken coci ta ranar Asabar ya buga cokali a jikin kofi, ya miƙe.

“’Yan’uwa, lokaci ya yi. Na daɗe ina jin koke-koken cewa shugaba bai leƙa talakawansa ba. To, ranar Talata zan kai ziyarar aiki Tsibirin Sallow. Uwargida za ta raka ni, saboda jaka.”

Aka yi tafi, don waken yana hucewa. Na dubi Verna na ga ta ajiye cokalinta. A ranar na je na roƙi Lyman kujera, ba don tsuntsu ba.

Ran Talata Farfesa ya fito da farar riga mai maɓallan zinariya da wata doguwar farar hula irin ta shugaban sojan ruwa. Lyman ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Ranka ya daɗe, yaƙi za mu ko kallon tsuntsu?” Shugaba kuwa ya riga ya hau gaban jirgi yana yi wa baƙi bayanin igiyar ruwa. Bayanin ya kai minti goma sha biyar. Sauran tafiyar ya yi ta ne a durƙushe, kansa a wajen jirgi, yana mayar wa teku karin kumallonsa. Daga baya ya ce nazarin launin ruwa yake yi.

A bakin dutse mai gadin tsibirin ta tarye mu, wata dattijuwa mai furfura, Marguerite Doucette, da damin sanduna a hammata. Ta ba kowa ɗaya. Hanyar katako da za mu bi ta ratsa ta cikin sheƙunan tsattsewar teku, waɗannan fararen tsuntsaye masu tsinin baki da ba su san wasa ba in suna da ƙwai. Duk abin da ya fi tsawo shi suke sara. Shi ya sa ake ɗaga sanda sama da kai, a sunkuya, a bi layi, su ƙare fushinsu a kan itace.

Farfesa ya karɓi tasa da yatsu biyu, ya miƙa wa Verna. “Baiwar Allah, ni ban taɓa sunkuya wa gwamna ba, balle tsuntsu. Haɗa da jakar, Verna.”

Sa’arsa ɗaya, a gabansa akwai wani zanƙalelen baƙo daga jihar Ohio, mai kyamara kamar bututun murhu, wanda ya ɗaga sandarsa har tana neman taɓa gajimare. Tsattsewa suka yi ta dukan sandar baƙon, shugaba yana tafe a inuwarta, ƙirji a gaba. “Kun gani? Sun san ni,” in ji shi.

Aka raba mu biyu. Rabi suka zauna jiran layi a gindin hasumiya, mu kuma aka kai mu rumfunan leƙe, wasu akwatunan katako da ba su fi makewayi girma ba, mutum huɗu-huɗu, da ’yan tagogi kamar tafin hannu. Ni da Verna da Farfesa da ɗan Ohio muka faɗa guda. Marguerite ta ce, “Doka biyu ce. Ku yi shiru, kuma kada wanda ya fito sai na zo. In kun yi shiru za su zo har gabanku.” Ta rufe ƙofa.

Ga fafin nan kuwa, ɗaruruwa, birjik a kan duwatsu, wasu ba su fi taku goma daga gare mu ba. Verna ta kafa fuska a taga tana ƙifta ido. Na san farare-farare kawai take gani a cikin hazo. Sai sun matso.

Shugaba bai ko leƙa ba, don yana neman tabarau. Ya zaro takardu shafi bakwai daga aljihu, ya yi gyaran murya irin wadda ke tashin matattu.

“Ya ku al’ummar fafin, maza da mata, manya da ’yan tsaki! A madadin ni kaina da kwamitin zartarwa, wanda shi ma ni ne…”

Fuuu! Dutse ya koma dutse. Ko gashi ɗaya ba su bari ba.

“Kunya ce,” in ji shi. “Haka suke in sun ga babba. Na yi bayanin wannan a laccata ta shekarar da aka gyara rufin coci.” Ya ci gaba. Ya yi tarihin ƙungiya. Ya yi tarihin gidan waya. Ya gode wa mahaifiyarsa. Da wasu ’yan tsiraru suka yi ƙarfin hali suka sauka can nesa, sai ya ɗaga murya don na baya su ji, suka sake tashi. Ɗan Ohio ya ce, “Malam, don girman Allah,” shugaba ya ɗaga masa hannu ya ce tambayoyi sai a ƙarshe. Na dubi agogo, minti talatin da biyar sun tafi. Raina ya ɓaci, amma na san mutumin da bai ji maganar gari guda ba ba zai ji tawa ba.

Sai Verna ta juyo daga taga. Shekara arba’in da ɗaya ban taɓa jin ta katse shi ba.

“Orrin,” ta ce a hankali, “ni tausayin mutanen can nake ji.”

“Waɗanne?”

“Na gindin hasumiya. Mutum takwas, daga nesa suka zo, suna zaune babu mai ilimantar da su. Ga Marguerite can tana ta gaya musu abin da ta ga dama, alhali kana tsibirin.”

Ya ɗago kai daga takardun. Ka ga fuskar mutumin da aka tuna masa da nauyin da ke kansa. Ya naɗe takardu, ya gyara hula.

“An ce kada a fita,” in ji ɗan Ohio, sai na taka masa ƙafa.

Verna, don a yi mata shaida, ta miƙa masa sanda. “Riƙe wannan, maigida.”

“Ajiye abarki. Sun san ni.”

Sun kuwa san shi. In ka cire hasumiya, babu abin da ya kai farar hular nan tsawo a duk tsibirin, kuma wannan karon babu ɗan Ohio a gaba. Ta tagar baya na ga tsattsewa ta farko ta sauko ta tsige hular. Ta biyu ta sami sanƙo. Daga nan kuma sai gayya. Masu sara suna sara, waɗanda ba su sami wuri ba suna yi masa ruwan kashi daga sama. Shafi bakwai suka watse a iska. Shugaban Abokan Fafin, wanda bai taɓa sunkuya wa gwamna ba, ya ƙarasa hanyar katakon nan da rarrafe, yana kiran sunan matarsa. Marguerite ta taho a guje ta kifa masa bokiti a ka, ta ja shi zuwa rumfar ajiyar kaya, tana faɗa masa maganganun da ba a buga wa mutum a kati.

Tsibiri ya ɗauki lokaci kafin ya lafa. Mu uku muka yi tsit. Saura minti goma sha biyu. Saura tara. Verna ta riƙe bakin taga da hannu biyu, ina jin numfashinta.

Sai muka ji taf-taf-taf a kan rufi, kamar yara suna gudu ba takalmi. Sai fafin ɗaya ya diro a kan dutsen da ke jikin tagarta, kusa har da ta miƙa hannu da ta taɓa shi. Ɗan ƙarami ne, da ƙananan kifaye jere a baki suna reto. Ya karkata kai ya dube ta, ita ma ta dube shi. Ɗan Ohio ya ɗaga kyamara, ya dubi Verna, ya sauke ba tare da ya danna ba. Verna ba ta ɗauke fuska daga tagar ba har Marguerite ta buɗe ƙofa. Ni ce ma na yi kukan.

A hanyar dawowa shugaba yana kwance a kan benci, kai naɗe da bandeji, rigar nan ta zama abin da ta zama. Ya riga ya bayyana wa baƙi cewa abin da suka gani tarba ce ta musamman, wadda ba a yi wa kowa. Da ya ga hankalin mutane ya koma wani wuri, sai ya jawo hannun rigar matarsa, ya yi ƙasa da murya.

“Verna. Yaya suke? Ina da lacca ranar Alhamis.”

Ta yi murmushi, da zuciya ɗaya ta fara. “Ƙanana ne, Orrin. Ba su fi tattabara…”

“Kuskure!” Ya tashi zaune. “Babban kuskure. Wannan ita ce illar kallo ba tare da jagora ba.” Ya ɗora daga nan, bai sauke ba sai da cikinsa ya sake kiran sa bakin jirgi.

Kafin ƙanƙarar hunturu ta narke ganin Verna ya ƙarasa tafiya. Har yanzu tana zuwa laccocinsa, tana zama a layin gaba, fuskarta a sake, tana wani murmushi da ba mu san ta da shi ba a da. Farfesa yakan nuna ta da alfahari ya ce wa jama’a, “Ku duba, ido ya tafi, amma har yau ta kasa ɗauke shi daga kaina.”

Ni da nake zama kusa da ita na taɓa tambayar ta ko tana jin abin da yake faɗa.

“Wa?” in ji ta.